Batson Inna a Hanyar Kumasi

A bakin Kwara, wajen Sayi, aka fara ci mini mutunci saboda ƙunshin Inna. Mun cika jirgi maƙil, mai jirgin ya kafa gorarsa zai tura, sai ya tsaya yana shaƙar iska kamar karen farauta. Ya ce da Zabarmanci shi ba ya hayewa da gawa a ɓoye, wanda ya ɗauko mamaci ya faɗa tun muna gaɓa. Kowa ya juya yana duban na kusa da shi. Ni kuwa na ƙura wa ruwa ido kamar ban taɓa ganin kogi ba, kuma gaskiya ban taɓa ba, don mu a Kurfai a gindin rijiya muka san ruwa.

Baba Hima ne ya tona ni. Wani tsohon Bazabarme ne na Baleyara, ya yi ta zirga-zirgar Kumasi har ƙafarsa ta haddace hanya, kuma a hannunsa kawuna ya damƙa ni. Ya nuna jakar fatar da na rungume, ya ce ba gawa ba ce, daudawar batso ce ta wata tsohuwa daga Hilinge, can ƙasar Kurfai. Jirgi ya kaure da dariya, mai jirgin kuma ya sauya fuska, ya ce in haka ne kogi yana da rabonsa. Baba Hima ya raɗa mini cewa al'ada ce, in ba a bayar ba jirgi kifewa yake. Na kwance ƙunshi na miƙa dunƙule guda. Da muka haye, da idona na ga kogin ya raba rabonsa biyu, rabi a aljihun mai jirgi, rabi a hular Baba Hima.

Ku yaran yanzu da kuka tashi a bariki sai an yi muku bayani. Batso ’ya’yan yakuwa ne ake dafawa da ruwan toka, a rufe a tukunya a bar shi har ya yi abin da yake yi, sannan a daka, a dunƙula, a shanya. Kowace mace a ƙasarmu tana yi. Amma na Inna daban ne. Ita da tokar karan gero kaɗai take yi, ta busar da shi a hayaƙin sabara, kuma kowane dunƙule sai ta danna shi da babban yatsanta, ya bar rami a tsakiya. Ko a kasuwar Tabla aka zuba shi cikin na mata goma, ni zan tsamo na gidanmu.

Abin da ya ɗora ni a hanya kuwa wana ne, Arzika. Tun shekarar da Nasara suka fara kwasar samari aikin dole ya sulale ya yi kudu, kuma daga nan sai dai labari: wani ya gan shi a Kumasi, wani ya ce ya yi ƙiba, wani ya ce ya yi aure. Shi ne ɗan farin Inna, kun kuwa san yadda abin yake. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta taɓa yin zancensa a gaban mutane ba. In ya kama dole sai ta ce “wancan mai kunnuwa.” To mace irin wannan ta yaya za ta aika a ce masa ya dawo tana kewarsa? Sai ta kwashe wata guda tana hidimar batso, ba wanda ta gaya wa dalili. Da ya bushe ta ƙunshe shi a tsumma, ta kira ni bayan rumbu.

“Nomau, ka kai ma wancan. Kada ka ce in ji ni. In ya ci, ƙahwarshi ta san hanya. So nike in gan ku ku biyu bisa akushi guda kahin in kwanta dama.”

Iyakar saƙon ke nan. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe kamar ta aike ni rijiya.

A ƙasar Gurma na gane cewa ba ni nake tafiya ba, wari ne yake tafiya ni ina bin sa. Kafin mu shiga gari karnuka sun fito tarye. Ƙudaje kuwa tun daga Sayi muka ƙulla zumunci, ba su rabu da ni ba. Ayarin da muka shiga na masu shanu ne, mutanen da suke kwana cikin kashin saniya, amma su ne suka ce in riƙa tafiya a baya, kuma in lura da inda iska take kaɗawa. Na ji haushi ƙwarai, don ni a hancina ƙamshin ɗakin Inna ne. In rana ta take, kowa ya nemi inuwa, sai in buɗe bakin jaka kaɗan in shaƙa, in ji kamar yanzu za ta ƙwala mini kira in zo in sha hura.

Baba Hima kuwa kowane zango da al'adarsa. Dutse yana da rabo, mararraba tana da rabo, wata kuka da muka wuce ma ashe tana da rabo. Abin mamaki, duk ranar da aka fitar da rabon nan, miyar da yake kaɗa mana a ’yar tukunyarsa sai ta yi daɗi irin na gida. Ina ci ina zaginsa a zuci, ina kuma miƙa hannu a ƙara mini.

Kusa da iyakar ƙasar da Faransa ke mulki akwai wani ɗan bariki da ake tsayar da matafiya. Wani gardi, ɗan sandan Faransa mai jar hula, ya caka wa jakata sanda, ya ja da baya, ya ce wannan sai Nasara ya gani. An ce suna ƙone duk abin da ba su gane ba. Aka shigar da ni gaban wani saurayin Bature, zazzaɓi ya rame da shi, wuyansa kamar na zalɓe. Tafinta ya toshe hanci da gefen riga. Na kwance tsumma, ina jiran a ce a kawo wuta.

Sai Baturen ya ɗauki dunƙule ya kai hanci. Ya daɗe a haka, ido a rufe. Ya yi wata magana a hankali, tafinta ya dube shi ya dube ni, kamar yana jin kunyar fassarawa. Wai a ƙauyensu akwai wani cuku da ake ajiyewa a kogo har ya yi wari irin na ƙafar soja, kuma rabonsa da shi tun da ya baro uwarsa. Kafin in ce a miya ake sa shi, bawan Allah ya gatsa. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fari, amma don taurin kai irin nasu ya haɗiye. Hawaye suka zubo masa, har yau ban san ko na gida ba ne ko na batso. Ya ba ni gwangwanin kifi, ya ce in tafi. A bakin ƙofa gardin nan ya tare ni ya ce Nasara yana son biyu don bincike. Da na ji Hausarsa na san Ba'are ne, ɗan wajenmu, na kuma san a tukunyar wa za a yi binciken.

Daga Gambaga ƙasa ta fara sauya mini. Gero ya yi ta raguwa, doya ta yi ta ƙaruwa, ruwan sama kuma ba ya neman izinin kowa. Ranar da ya kama mu a fili na cire rigata na naɗe jaka, na tsuguna a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Masu shanu suka ce tun da suke ba su taɓa ganin mutum yana kare ruɓaɓɓen abu kada ya ruɓe ba.

A Salaga wata tsohuwa mai sayar da koko ta bar tukunyarta ta biyo mu tun daga kasuwa har masauki. Da na sauke kaya ta tambaye ni daga ina. Na ce Kurfai. Ta ce ba ta san sunan ba. Tana ƙarama aka kamo ta zamanin hare-hare, aka sayar da ita nan, ba ta tuna sunan garinsu, ba ta tuna fuskar uwarta. Abin da ta riƙe kawai wani kwari mai itatuwan gawo, da dutse a gefe, da wannan warin. Ba wanda ya ce mini al'ada ce, ni da kaina na ɗauki guda na ba ta. Ba ta kai shi tukunya ba, a bakin zanenta ta ƙulle shi. Duk kwanakin da muka yi a garin ita ta ciyar da mu, kuma da ta kama hannun Baba Hima yana lallaɓa jakata, ta sauke masa ludayi a kan yatsu.

Da muka isa Kumasi, ƙunshin da ya cika jaka ya koma abin da za a rufe a tafin hannu.

Kai, Kumasi! Itatuwa sun rufe sama, mutane kamar an tona gidan tururuwa, ba wanda ya san uban wani. Ranar farko aka kawo mini fufu da miya ja wur. Na yi ta tauna, abu ya ƙi ƙarewa, yara suna ta dariya, ashe haɗiyewa ake yi. Na sa hannu a miya don in lalubo nama, sai na tsamo katantanwa ƙatuwa da ƙahonninta. Na mayar da ita a hankali, na ce na ƙoshi. Ranar na yi kewar hurar gero da nonon Fulanin Bankuku.

Arzika bai yi wuyar samu ba, kunnuwansa na hango tun daga nesa. Yana da rumfa a kasuwa, yana sayar da buhuna da igiya da fitilu. Ya yi tumbi, ya yafa zane a kafaɗa irin na mutanen ƙasar, har da laima. Ya rungume ni, ya tambayi kawu, ya tambayi gona, ya tambayi jakinmu da ya mutu tun tuni. Sai can, yana gyara igiyoyin da ba su buƙatar gyara, ya ce, “Inna fa, mi ta ce?”

An hana ni cewa in ji ta. Na ce, “Ba ta ce komi ba.”

Ya yi wata ’yar dariya marar daɗi. Ya ce ya san kunya ce, ba yau aka haife shi ba, amma a ce mutum ya yi shekara da shekaru a uwa duniya, ko “a gaida wancan” babu? Ya ce in huta in ci abinci, in ina son aiki akwai, amma zancen komawa ga lanho, harajin nan na Nasara, da aikin dole da uwar da ba ta san sunansa ba, kada ma in fara. Na ƙyale shi, don na san makamina yana cikin jaka.

A gida na tarar da matarsa, Akosuwa, ’yar ƙasar ce, doguwa, ga ciki ya tsufa, ga baki. Ba ta jin Hausa sai ta zagi, ni ba na jin nasu ko na gaisuwa. Na soke jakata a ƙarƙashin rufin ɗaki, na fita neman gero a zango, unguwar mutanen arewa, don batso ba ya tafiya da fufu. Kafin in dawo ta bi wari ta gano jakar, ta ɗauka ɓera ne ya mutu a ciki, ta ɗauko ta a bakin sanda ta wurga a kwata. Ruwa kuwa aka yi ranar kamar da bakin ƙwarya. Na bi kwatar nan da gudu har bayan kasuwa, na samu jakar a maƙale, baki buɗe, ba komai ciki sai tsumma.

Na dawo jiƙe sharkaf, muka yi faɗa mai kyau ni da ita, kowa da harshensa. Abin da ya fi ƙona mini rai, a daidai lokacin tana jefa wani ruɓaɓɓen kifi a miyarta, wanda warinsa zai kori kura daga rami, wai shi ne kayan ƙamshi. Na nuna kifin, na nuna tsummana, na toshe hanci. Ita ma ta nuna tsummana ta tofar da yawu. Daga nan na zauna a dokin ƙofa na rasa abin da ke mini daɗi. Na ratsa ƙasashe, na sha zagi, na zo ƙofar gidan na zubar da saƙon Inna a kwata.

Haka Baba Hima ya same ni da ya zo sallama, zai wuce bakin teku. Ya ji labari, ya girgiza kai, ya ce tun a Sayi ya san ni wawa ne, wanda duk aka ce masa dutse na cin daudawa ya yarda, ba a bar masa amana shi kaɗai. Ya cire hularsa, wadda rabonta da wanki tun zamanin Zabarmawa na hawan doki, ya zazzage. Dunƙule guda ya faɗo, lafiyayye, da ramin yatsan Inna a tsakiya. Ya ɗora mini da ƙullin kuka. Na rasa ko in gode masa ko in tambaye shi sauran, sai na yi duka biyun, ya amsa na farko kawai.

Saura girki. Ni kuwa tun da nake ban taɓa riƙe muciya ba, a gidanmu namiji ko leƙa madafa ya yi sai an yi masa waƙa. Na dafa ruwa na zuba gari gaba ɗaya, abu ya yi gudaji kamar tsakuwa, hayaƙi ya cika mini ido. Akosuwa tana zaune tana kallo, tana dariya har cikinta na rawa. Da abin ya ishe ta, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta ture ni, ta karɓe muciya. Ina nuna mata da hannu, tana yi tana zagina, har tuwo ya yi kama da tuwo. Na gutsuri rabin batso na jefa a miyar kuka, rabin mai ramin na ajiye a kan faifai a bakin ƙofa.

Da azahar Arzika ya dawo. Na ji takunsa ya tsaya cak a waje. Ya daɗe bai shigo ba. Da na leƙa, na gan shi tsugune gaban faifai, laima a ƙasa, ya sa babban yatsansa a cikin ramin nan. Ya shigo bai dubi kowa ba, ya wanke hannu, ya ci tuwon nan tas, ya side kwano, ya side yatsu har da wanda bai taɓa miya ba.

“Ta tsuhwa ƙwarai?” in ji shi.

“Awo.”

“Da wa ta daka wanga?”

“Ita ɗai. Wata guda tana yi.”

Ya ce hayaƙi ya yi yawa a ɗakin, ya fita. Ba a yi mako ba ya fara ɗaure kaya.

A nan ne aka yi mini wayo, ko in ce na yi wa kaina. Akosuwa ba ta iya tafiya da tsohon ciki, rumfa kuma ba a barin ta ba kowa. Arzika ya ce in riƙe masa gida da kasuwa, ya je ya ga Inna, bayan girbi ya dawo mu sayar da komai mu koma gaba ɗaya. Na ce ai mu biyu take son gani a kan akushi guda. Ya ce to ai shi ya sa zai dawo ya ɗauke ni. Maganar ta yi ma'ana a lokacin. Na raka shi bakin gari, ya bar mini laima.

Bayan girbi bai zo ba. Masu shanu suka kawo labari cewa yana isa aka ce ga wanda ya gudu, aka tura shi fasa dutsen hanyar Yamai. Da ya fito aka yi fara, ta cinye gero har kara, ba mai barin tsohuwa a irin wannan shekara. Bayanta kuma wani abin ya taso. Ni ina nan ina sayar da igiya. Akosuwa ta haifi ’ya mace mai kunnuwan ubanta, ta tashi tana ce mini baba. Na koyi haɗiye fufu, na koyi zagi da harshensu, har tumbi na fara. Katantanwa dai har na bar ƙasar ba mu shirya ba.

Amma kewa ba ta sake ni ba. In kaka ta yi, sai in tuna yanzu ana can ana ɗaurin dammunan gero, da yamma a buga ganga samari su fito kokawa, ’yan mata na guɗa. In Sallah ta zo, a zango ana ci ana sha, amma ba mai tura maka ƙwaryar hura ya ce shanye kada ka bar mini kunya. Wata shekara na ce ni ma zan yi batso. Na samo ’ya’yan yakuwa, na dafa da tokar da na samu, na rufe a bayan ɗaki. Abin da ya fito ba batso ba ne, bala'i ne. Maƙwabta suka kai ƙara wajen sarkin zango, aka zo da dattawa aka binne tukunyar ba a buɗe ba. Akosuwa ta yi shekara tana ba da labarin a wajen biki.

Duk mai tafiya arewa ina ba shi saƙo, a gaida Inna, a ce ina nan tafe. Duk mai zuwa kudu yana cewa tana lafiya, tana tambaya ko Nomau yana cin abinci. Ni sunana ba ta jin kunyarsa, an ce a yini sai ta kira shi ya fi a ƙirga.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ina auna wa wani igiya, sai hancina ya tsaya. Na saki igiyar. Masu rumfunan kusa suka fara toshe hanci suna dube-dube, ni kuwa na haye kan buhuna ina neman kunnuwa. Ga shi nan tafe, ya rame ya yi baƙi, tumbin ya koma wurina, da jakar fata a rungume. Na yi ta dariya kamar mahaukaci, na ce wato yanzu ni aka aiko wa? Na ce ba sai an dafa ba, ni ƙafata ta daɗe da sanin hanya, gobe ma in ya so mu kama ta. Na tambaye shi Inna. Ya ce tana gaishe ni, a yi miya tukuna, yunwa yake ji.

A gida Akosuwa ta zazzage masa zagin da ta tara masa shekaru, sannan ta yi kuka, sannan ta ɗora tukunya. Ba ta ko ɗaure hanci ba. Na kwance ƙunshin da kaina. Dunƙulayen manya ne, sumul, ba rami. Na ce a raina wataƙila yatsan ne ke mata ciwo. Aka kawo tuwo, muka sa hannu a kwano guda ni da shi. Na kai loma ta farko.

Toka ta yi yawa, kuma ba hayaƙin sabara. Batso ne mai kyau, irin wanda ake samu a kowace kasuwa.

Na dubi Arzika, shi kuwa yana duban kwano. A ƙasarmu ba a gaya wa mutum maganar rasuwa da yunwa a cikinsa, sai ya ci ya ƙoshi. Shi ya sa ya ratso duk hanyar nan da ita a bakinsa, ya zauna yana jira in gama. Na ci gaba da ci don kada in ɓata masa al'ada. Da na wanke hannu na ce, “Yaushe?”

“Da kaka. Matar kawu ta yi wanga.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli daban. Dunƙule ne ƙarami, bai kai ƙwan kurciya ba, ramin da ke tsakiyarsa da ƙyar ake ganinsa. Ya ce shi ke nan abin da ƙarfinta ya kai, tana kwance ta sa aka miƙo mata turmi kusa.

“Ta kira sunana, Nomau,” in ji shi. “Da bakinta. Ta ce, Arzika, ka kai ma ƙanenka, ku ci tare.”

Washegari Akosuwa ta kaɗa miya da ɗan dunƙulen a ’yar ƙaramar tukunya, ta kori yara waje, ta ja mana ƙofa. Muka zauna mu biyu, ƙattin banza masu furfura a gemu, kowa yana tura wa ɗan'uwansa lomar ƙarshe, har tuwon ya huce.